Wurin Kwanan da Na Zaɓa a Bakin Teku

Tantin ya riga maganar tafiyar shigowa gidanmu. Samfur ne, wani mai masana'anta ya ba maigidana ya gwada ko zai karɓu a kasuwar Kano. Maigida ya aika da hotonsa gida, aka aiko masa da amsa cewa mutumin da yake da rumfar kara da inuwar darbejiya me zai yi da ɗakin leda. Shi ke nan tanti ya zama namu. Aka kafa shi a tsakiyar falo, a hawa na biyar na benen da muke haya a unguwar Dengfeng, 'yan matana biyu suka mai da shi gidan kansu. Babbar tana da shekara shida a lokacin, ƙaramar uku da 'yan watanni. A ciki suke cin abinci, a ciki suke faɗa, ni kuwa in zan wuce kicin sai na raɓa bango.

A ƙarshen shekarun casa'in ne wannan. Baƙar fata ba mu da yawa a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, matan aure kuwa da yatsun hannu ɗaya za a ƙirga mu. Maigida yana sayen kaya yana loda wa 'yan kasuwar gida kwantena, in ya fita da safe sai magariba. Ni da yara muna sama. In na fita da su sai mutane su kewaye mu, wannan ta shafa kitsonsu, wancan ya murza fatar hannunsu ya duba yatsansa. Ba mugunta ba ce, amma ni ba na so, don haka na daina fita da su sai dole. Sun yi kusan shekara ƙafarsu ba ta taka ƙasa ba, sai siminti.

Wata Juma'a ya dawo daga Masallacin Huaisheng, ya zauna ko hula bai cire ba, yana kallonsu suna leƙowa ta ƙofar tanti.

"Maman yara," ya ce, "'ya'yan nan fa sun zama kajin gidan gona."

Na ce, "Kajin gidan gona ai shaho ba ya ɗaukarsu."

Ya yi dariya, sannan ya kwance mini abin da ya ƙulla. Mai masana'antar nan, wanda muke ce wa lawban kamar yadda ake ce wa kowane mai gidan ciniki a can, yana da suruki masunci a bakin teku, tafiyar awa huɗu a mota. Masuncin yana da jirgi, kuma akwai wani tsibiri da ba kowa a kansa, 'yan birni kan je su kafa tanti su kwana. Za mu je mu yi kwana biyu, a gasa kifi, yara su yi gudu har su gaji.

"Jirgin ruwa?"

"Ƙarami ne, mai inji. Minti arba'in an isa."

Na ajiye ludayin da ke hannuna.

Ni tsoron ruwa ba daga sama na tsince shi ba. A bayan gidanmu, cikin birnin Kano, akwai kududdufi. Ina 'yar shekara bakwai ƙawata ta bi takalminta da ya gangara ciki. Da safen nan ina zaune a gefenta aka yi mata kitso, da la'asar na ga an shimfiɗe ta a tabarma, kitson ko warwarewa bai yi ba. Tun daga ranar ko rijiya ba na leƙawa, in zan ja ruwa sai in kau da kai. Maigida ya san wannan. Shi kuwa kullum cewa yake a bakin kogin Wudil ya tashi, alhali hutu biyu kacal ya yi a wurin gwaggonsa, kuma na tabbata iyakarsa inda ruwa ke kai wa gwiwa.

Kwana uku ina cewa a'a. A na huɗu babbar ta zo ta zauna a jikina ina tsince shinkafa, ta ce, "Umma, wai teku ya fi bahon wankanmu girma?" Da gaske take tambaya. Na dube ta, na ji kunya ta kama ni. Da ubansu ya dawo na ce masa na yarda, amma ni zan tsara komai, kuma abin da na ce shi za a yi. Ya ɗaga hannu biyu sama ya ce ya ji ya gani.

Daga nan na zama wata iri. Duk abin da na kalla sai in ga hanyar da zai kashe mini 'ya'ya. Na sa ya raka ni kasuwar sari ta Guangyuan neman rigar nan mai soso da ke hana nutsewa. Muka ce guda huɗu, mai shago ta ce meyo, wato babu, sai dozin. Muka ɗauko dozin. Na cika bahon wanka, na sa wa ƙaramar rigar na tsoma ta don in ga ko da gaske tana ɗaga mutum. Yarinya tana ta ƙyaƙyata dariya, ni ina ta salati. Na yi dambun nama, na soya cincin, na tanadi garin kwaki da sukari don ban yarda da abincin da ban san yankansa ba. Na sayi tocila uku. Sannan na tuna ƙaramar takan farka da asuba ta kama yawo a gida, sai na sayo ɗan ƙaramin kwaɗo irin na jaka, na gwada shi a zif ɗin ƙofar tanti ta ciki, ya zauna daram. Makullin kuma na ce a haɓar zanina zan ɗaure shi.

Ban gaya wa kowa ba. Mu a gidanmu ba a faɗin tafiya kafin a yi ta, saboda baki. A hawa na uku akwai wata Hajiya 'yar Gana, daga zangon Sekondi, tana dafa abincin sayarwa a ɗakinta, 'yan kasuwa na hawowa su ci. Ita ce kaɗai ƙawata a garin. Ta ga rigunan soso a jibge ta tambaya, na ce samfur ne. A bakin teku aka haife ta, a bakin teku ta girma, na kuma sani, amma na ja bakina na yi gum. An ce matambayi ba ya ɓata, ni ban tambaya ba.

Abu na gaba da na kafe a kai shi ne sai na ga wurin da idona kafin in kai yara, gani ya kori ji. Wata Asabar muka bar su a wurin Hajiya, muka ce mata masana'anta za mu duba a wani gari. Muka hau mota bayan asuba, muka isa garin masuntan rana ta take.

Mai jirgin, surukin lawban, wani tsoho ne siriri, rana ta gasa shi har ya kusa kamo mu baƙi, da malafa da taba a gefen baki. Yarensa ko lawban ba ya jin duka, balle mu da iyakarmu gaisuwa da godiya da ciniki. Muka sauka wasu matakala masu yawa, masu santsi, zuwa inda jirgin yake. Na yi addu'ar hawa jirgi ban san adadi ba. Da aka tayar da inji na runtse ido, na riƙe katakon da nake zaune a kai har farcena ya karye. Maigida yana ta cewa in buɗe ido in ga ikon Allah, na ce masa na yarda da ikon Allah ba sai na gani ba.

Da muka sauka a tsibirin tsohon ya wuce gaba, ya hau wata 'yar hanya zuwa kan tudu, ya nuna mana wani fili a ƙarƙashin itatuwa masu ganye kamar gashi. Akwai tokar wutar waɗanda suka taɓa kwana. Sai dai taku goma daga nan ga kaburbura guda uku, irin nasu na siminti masu kama da kujera, da guntayen jan kyandir a gabansu. Ciyawa ta kai ƙugu. Ina tsaye wani abu ya yi sharr a cikinta ya wuce. Na ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zan kwantar da 'ya'yana tsakanin maciji da makabarta ba.

Na gangaro ni kaɗai, na bi gaɓa, na zagaya bayan wani dutse da ya miƙo hanci wajen ruwa. Nan na ga wurin. Wani lungu ne, dutse ya tsaya masa a baya kamar katanga, ya kuma rungumo shi ta dama da hagu, hanyar shiga ɗaya ce, wadda na biyo. Yashi fari tas, a daddale, babu ciyawa, babu ko tsinke, sai ka ce yanzu aka share. Tsakar gidanmu ta Kano sak. Yaro ba shi da inda zai ɓace, maciji ba shi da inda zai ɓuya. A karon farko tun da aka fara maganar nan na ji numfashina ya sauka har ciki.

Tsohon ya iso, ya ga inda nake nunawa, ya hau kaɗa kai yana yarfa hannu. Ya nuna teku, ya ɗaga tafin hannunsa daga gwiwa zuwa ƙirji.

"Yana cewa ruwa yana tasowa," in ji maigida. "Ai na sani, mun yi a makaranta. Kullum yana zuwa yana komawa."

Na ce, "To mu zauna mu ga iyakarsa."

Muka zauna, tun azahar har la'asar sakaliya. Ruwan ya yi ta matsowa a hankali, ina kallonsa kamar yadda ake kallon baƙon kare. Can ya tsaya, ya ɗan yi jim, ya fara ja da baya. Na tashi na auna da ƙafata, daga inda ya tsaya zuwa inda nake so a kafa tanti taku ashirin da biyar ne. Na yi lissafina irin na 'yar Kano: ruwa ba ya wuce iyakarsa sai in an yi ruwan sama, damina kuwa ta wuce, sama fes babu ko ɗigon girgije. Na ɗauko manyan duwatsu uku na kafa murhu a gefen wurin, don in mun dawo kada a yi gardamar inda na ce.

Tsohon bai daina magana ba. Na ce wa maigida ya rabu da shi, so yake ya ajiye mu kusa da inda yake ɗaure jirgi don kada ya wahala, mun saba da irinsu a kasuwa, kowa rumfar ɗan'uwansa yake ja ka. Na yi wa bawan Allah wani kallo da har yau in na tuna sai in ji nauyi. Ya tofar da yawu gefe, ya dubi duwatsun nan uku.

Saura tsayar da rana. A mota muna dawowa maigida ya ce a bari sai bayan sati biyu, yana da kwantenar da za a loda. Na ƙirga a yatsa. Ranar takwas ga Rajab ce, ina da kalandar da yake karɓo mana a masallaci, ba na ɓatan kwanan wata. Sati biyu zai kama ashirin da biyu, wata ba zai fito ba sai dare ya raba. Tsibirin ba lantarki, tocila kuwa ba abar yarda ba ce. Amma Asabar mai zuwa sha biyar ce, wata ya cika, ko allura ta faɗi a gan ta. Mu da muka tashi muna wasa a dandali mun san farin wata shi ne amincin dare. Na ce Asabar mai zuwa ko a fasa. Ya ce kwantenar fa? Na ce kwantena ba ta da rai. Ya yi dariya ya ce to, ranki ya daɗe.

Tsarina shi ne mu isa da la'asar rana ta yi sanyi, tsohon ya sauke mu ya tafi, ya dawo ɗaukarmu Litinin da safe. Aka gaya wa lawban ya gaya masa. Ranar Laraba lawban ya bugo waya da guntun Turancinsa na ciniki. Wai tsohon ya tambayi rana, da aka gaya masa ya ce shi da safe zai ɗauke mu, da hantsi. In ba da safe ba, meyo jirgi. Dalili? Lawban ɗan birni ne, ya ce shi ma bai gane ba, tsofaffin ƙauye haka suke.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wannan yana nufin mu tafi tun Juma'a bayan masallaci, mu kwana a masauki a garin masunta da yara biyu da kaya niƙi-niƙi. Na ce na san za a rina, wataƙila masaukin ma na ƙanwarsa ne. Na yi mita har na gaji. Amma sauran kwanakin ba fushi ne ya hana ni sukuni ba, jirgin ne. Ina wanke-wanke in ga ya kife. Ina yi wa babbar kitso hannuna ya tsaya cak, sai ta juyo ta ce Umma mene ne. Duk tsorona yana kan minti arba'in ɗin nan na kan ruwa. Na riƙa gaya wa kaina in dai muka taka yashin nan nawa, shi ke nan mun tsira.

Asabar da hantsi muka iso bakin jirgi. Na lura matakalan da muka sha sauka wancan satin yau huɗu ne kawai a waje, jirgin ya taso kusa da ƙafarmu. Har na yi murna, na ce yau an huta da santsi. Na sa wa yara rigunan soso, na ɗaure kowacce da gefen gyalena, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Wannan karon ban runtse ido ba, don ba zan iya ɗauke shi daga kansu ba. Su kuwa ihu suke na murna, ƙaramar tana miƙa hannu wai sai ta taɓa kumfa, ina fizgo ta.

Tsohon bai tsaya inda ya sauke mu wancan karon ba. Ya wuce, ya karya kwana, ya shiga tsakanin wasu duwatsu biyu, ya kashe inji. Shiru ya sauka, sai ƙarar ruwa yana marin dutse. Na duba gaba, katangar dutse ce ruwa yana lasarta. Babu yashi, babu gaɓa, babu inda mutum zai ɗora ƙafa.

Maigida ya miƙe tsaye har jirgin ya karkata. "Ba nan ba ne! Malam, ba nan muka ce ba!"

Na ce, "Ban gaya maka ba? Ɗan damfara ne, ya kawo mu inda ba kowa!" Na jawo yaran na matse su a jikina.

Tsohon ko kallonmu bai yi ba. Ya ɗauko wata doguwar gora ya riƙa tura jirgin a hankali yana leƙen ƙasa. Ya matsa dama, ya ɗan koma baya, ya tsaya. Sannan ya yafuto ni da hannu, ya nuna cikin ruwan. Na ƙi. Ni da ba na leƙa rijiya. Ƙaramar ce ta zame daga hannuna ta leƙa.

"Umma, ga kifi! Umma zo ki gani!"

Na leƙa don in janye ta. Ruwan garau yake, ana ganin ƙasa. Duwatsu uku ne a jere yadda ake kafa murhu, yashi ya ɗan binne gindinsu, wasu ƙananan kifaye suna shiga tsakaninsu suna fita.

Ban gane nan take ba. Na ɗago na dubi katangar dutsen, na dubi hannuwansa biyu da suka rungumo mu, na nemi hanyar da na biyo na shigo ranar. Wurin ya fi ko'ina zurfi, ruwa yana murɗawa yana kumfa a kansa. Tsohon ya tsoma gorar a daidai gefen murhun har ta taɓa ƙasa, ya zaro ta, ya tsayar da ita a cikin jirgi kusa da babbar. Inda jiƙon ya tsaya ya wuce kanta da kusan taƙi guda. Sannan ya nuna sama, ya haɗa hannuwansa biyu ya yi da'ira, ya ɗaga tafinsa sama a hankali. Ya kwantar da kuncinsa a kan hannu kamar mai barci, ya nuna yaran. Ya dube ni kawai.

Wata. Ashe ruwan nan da wata yake tafiya. Ranar da muka zauna muka auna shi yana kwanakin ragwancinsa ne, in wata ya cika kuwa sai ya taso da ƙarfinsa duka, da hantsi sau ɗaya, cikin dare sau ɗaya. Da la'asar ɗin da na so mu iso, da mun tarar da yashi fari shimfiɗe har ya fi na wancan satin faɗi. Tsabtar da ta ruɗe ni, ashe ruwan ne ke share wurin.

Na zube a ƙasan jirgi cikin ruwan kifi. Na ga duk abin da da zai same mu, ba yadda na yi in hana kaina gani. Mun ci kifi, yara sun gaji sun yi barci, na ja zif na datse kwaɗo, na ƙulle makulli a haɓar zani ƙulli biyu yadda na saba. Ruwa ya fara rufe hanyar fita tun ba mu sani ba. Sannan ya shigo ta ƙarƙashin leda. Ina laluben jiƙaƙƙen ƙulli da yatsu, mijina da bai iya iyo ba yana yagar tanti da haƙori, rigunan soso suna waje cikin buhu don ni a jirgi kawai na san za a sa su. Na yi amai a gefen jirgi.

Babbar ta ja rigar ubanta. "Abba, ina gidan namu da Umma ta ce?"

Ya cire hularsa, ya share fuska da ita.

"Abbanku ne ya yi kuskuren wuri," ya ce. "Can sama za mu kwana."

Na ɗago na dube shi, ya kau da kai.

A kan tudun muka kafa tanti, taku goma daga kaburburan nan. Tsohon da kansa ya sare ciyawar da adda, ya kuma ƙi tafiya, ya kwana biyun a jirginsa a ƙasa da mu. Na ce masa shiyeshiye ya fi sau ashirin, ita ce kaɗai godiyar da na iya, ya riƙa kaɗa hannu kamar yana korar ƙuda. Matattun ba su ce mana komai ba, maciji ma ban gani ba. Yara suka yi gudu har tafin ƙafarsu ya yi ja, suka tara bawon katantanwa cikin kwanon dambu. Ni ban ci abin kirki ba. Duk inda suka nufa ina bayansu, amma na daina ba da umarni, in an tambaye ni sai in ce a tambayi tsoho.

Da muka koma Dengfeng yara suka fasa ƙwai tun a matakala. Hajiya 'yar Gana ta hawo da ludayi a hannu. Ita Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa kai ne.

"Kai Alhaji, kai wane irin mutum? Sha biyar ga wata ka je ka kwana bakin ruwa? A Sekondi yaro ƙanƙani ma ya san wannan! Ka na so ka kashe yara?" Ta juyo kaina. "Kai kuma ka bi shi kamar tunkiya, ba ka tambaye ni ba?"

Na buɗe baki. Maigida ya riga ni, ya ce, "Ai ta yi ta hana ni, ni ne na ƙi ji." Na rufe bakina.

Juma'ar da ta biyo labari ya gama masallaci. Wani ɗan Maraɗi ya laƙaba masa Sarkin Ruwa, sunan ya bi shi har Kano. Shi da kansa yake ba da labarin a duk inda aka taru, yana ƙara masa gishiri, yadda ya auna teku da ƙafa, yadda ya ce ya yi makaranta. Mutane su yi ta dariya har da hawaye. Sau ɗaya na ce masa, mu biyu a ɗaki, me ya sa. Ya ce shi in an yi masa dariya kwana zai yi, ni kuwa in yaran nan suka girma da sanin haka, ba zan ƙara iya ce musu kul ba. Bai sake yarda mun tayar da maganar ba.

Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. A zaman makoki wani tsohon abokin cinikinsa ya sake ba da labarin, yana dariya yana share ido. Babbar ta dafa ni ta ce, "Ai tsoron Umma ne ya cece mu." Mata suka ce wallahi kuwa, uwa ai uwa ce. Na sunkuyar da kai na bar su a haka.

Jiya na kira ta a waya da niyyar in gaya mata, na ma shirya kalmomin tun safe. Ta ɗauka tana yi wa ɗanta wanka, ina jin ƙarar ruwa a baho, yaron yana bugunsa da hannu yana dariya. Ta ce, "Umma, lafiya? Na ji kin yi shiru." Na ce lafiya lau, gaisuwa ce kawai, ta kula da shi kada ya zame. Ta ce to Umma, ai ke kika koya mana.